Yadda Sa Hannuna Ya Hau Takardar Lita Biyu

Zuwa ga 'yan uwana na ƙungiyar tsofaffin malamai, bayan gaisuwa mai yawa.

Labari ya iso mini cewa a zaman da aka yi ba na nan, wata baiwar Allah ta tambaya ko ya dace a bar mini aikin duba zaɓen ƙungiya na bana, tunda an ce an ga sa hannuna a kan takardar ƙarya. Ba zan nemi sanin wadda ta faɗa ba, domin na riga na sani. Shekara talatin da ɗaya na yi ina kula da ɗakin jarrabawa, kuma babu wanda ya taɓa ɗaga takardar da na sa wa hannu ya duba ta sau biyu. Saboda haka zan bayyana abin da ya faru daki-daki, ko da yake magana ce da ba a saba jin irinta daga bakin mace mai shekaruna ba.

Maigidana, wanda unguwa ke kira Injiniya, ya yi aiki a hukumar ruwa har ya yi ritaya. Aikinsa shi ne kula da matsin ruwa a babbar tasha, kuma tun daga nan ya yanke hukunci cewa komai a duniya bututu ne. Siyasa bututu ce, tarbiyya bututu ce, zumunci ma bututu ne da ke buƙatar a riƙa buɗe shi. Shekara biyu da suka wuce sai lalurar dattawa ta same shi. Akwai wata tsoka a ƙarƙashin mafitsarar maza wadda kan kumbura idan shekaru suka ja, ta matse hanya, sai mutum ya yi ta zarya bayi, ya daɗe a ciki, ya fito bai gamsu ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana tura ruwa gidajen jama'a sai ga shi ya kasa da nasa. Ya san kowane bayi tsakanin gidanmu da kasuwa, har ya ba su maki.

Ni kuwa na gaya wa maƙwabta ciwon gwiwa ne. Ban ga laifin haka ba a lokacin.

Da muka je asibiti sai muka tarar likitar sashen tsohuwar ɗalibata ce. Na gane ta nan take, domin ni ce na taɓa tsayar da ita a gaban dukan makaranta saboda ta sa hannu a rajista a madadin ƙawarta. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta yi mana bayanin wani gwaji da ake yi na sabuwar na'ura, 'yar ƙarama kamar lanƙwasasshiyar waya, wadda ake sakawa ta riƙe hanyar a buɗe.

"Baba, mutum arba'in za mu ɗauka," in ji ta. "Rabi za a saka musu, rabi kuma za a sa su barci a yi musu duk abin da aka yi wa sauran, amma ba za a saka komai ba. Ko ni ban san rabon kowa ba. Wani likita ne zai yi aikin, ya rufe amsar a ambulan sai bayan wata shida. Wanda aka tarar ba a saka masa ba, kuma bayanansa suka nuna har yanzu yana fama, a lokacin za a saka masa ta gaske."

"'Yata, ni zan sani," in ji Injiniya. "Mutumin da ke ɗora kunne a kan bututu ya gaya miki inda ya tsage a layi na uku, shi za a saka wa ƙarfe bai ji ba? Ki rubuta, ni zan zo na ɗaya."

"Baba, ba jarrabawa ba ce."

"Malamarki ta aure ni. A gidanmu komai jarrabawa ne."

Aka ba shi lamba goma sha bakwai, da fom shida, ɗaya na kowane wata, inda zai riƙa rubuta sau nawa ya shiga bayi a yini, wani na gida ya sa hannu a matsayin shaida. A nan ne na yi kuskurena, kuma ba zan ɓoye shi ba. Ranar da ya baje fom ɗin a kan teburin falo, kowanne ɗauke da sunan sashen da manyan baƙaƙe waɗanda ake iya karantawa daga bakin ƙofa, sai na ji sallamar maƙwabciyarmu, matar tsohon direban jirgin ƙasa, mace mai ido kamar na mai binciken kaya. Injiniya ya ce ba zai kwashe ba sai na sa hannu. Na sa hannu a dukan shida, babu ko ɗigon rubutu a cikinsu, na tura su ƙarƙashin ledar tebur. Ni da na koya wa yara dubbai kada su sa hannu a farar takarda.

Ranar aikin, muna zaune a ɗakin jira, ƙarƙashin allon da ke ɗauke da sunan sashen, sai ga matar Direba ta shigo da mijinta. Lamba goma sha takwas. Muka dubi juna, muka dubi allon, muka sake duban juna.

"Malama, ya gwiwar?"

"Da sauƙi. Ku fa?"

"Kunne ne."

"Allah ya ba shi lafiya."

Wata shida muka yi muna haɗuwa a kan bencin nan, babu wadda ta janye maganarta.

Injiniya ya farfaɗo daga barcin aikin da sanarwa cewa an saka masa, kuma babba aka saka masa. Ya ce yana jin ta tana ɗan kaɗawa kamar injin da aka daidaita da kyau. Kwana uku bayan nan ya gano cewa rediyo na damunta, ya bi gida-gida yana roƙon a rage murya, mai aski na bakin titi ma ya kashe tasa don girmamawa. Ya cire duk maganaɗisun da jikokinmu suka manna a jikin firiji. Ya daina sa waya a aljihun gaba. Ya ce na'urar na sanar da shi hadari tun kafin ya haɗu, kuma sau biyu ya sa mata suka kwashe shanya rana tana tsakiya. Da yake unguwa ta san gwiwa ce, sai na roƙe shi ya riƙa ɗan ɗingishi. Ya yarda, amma ba ya riƙe wace ƙafa ce.

"Malama, jiya hagu ce," in ji matar Direba ta kan katanga.

"Ciwon yana yawo."

"Haka namu. Jiya har ya sauko masa ƙasa sosai."

Wajibi ne in faɗi wani abu game da kaina a nan. A ɗakin jarrabawa, duk ɗalibin da ya nemi izinin fita, ana rubuta lokacin fitarsa da na dawowarsa. Hannuna ya saba. Ƙofar bayinmu tana ƙara, kuma kujerata tana fuskantarta. Ba da wata niyya ba, tun wata guda kafin aikin, na ga ina ɗauko tsohuwar rajistar aji da agogon da nake auna lokacin jarrabawa da shi, ƙofa na yin ƙara ina dannawa. Ban gaya wa kowa ba. Mace mai mutunci ba ta tallar irin wannan.

A ƙarshen wata na farko aka yi awo. Akwai wani ɗan ɗaki a asibitin, da mazurari babba a kan ƙafa, haɗe da inji mai fitar da takarda. Mutum ya shiga shi kaɗai ya yi abin da ya kawo shi, inji ya zana ƙarfin zubar. Direba ya fito da takardarsa, zane ya hau kamar tudu ya sauko. Injiniya ya fito da tasa, wadda ta yi kama da sawun kaza a kan yashi.

"Injiniya, ko an ɗauke ruwa ne a layinku?" in ji Direba.

"Sabon inji ba a ba shi wuta gaba ɗaya. Kai da ka saba da gawayi ba za ka gane ba."

"To, mu dai jirginmu ya tashi."

 Da muka iso gida ya wuce ɗakin ajiya ya fito da akwatin kayan aikinsa.

Mako biyu ana ƙwanƙwasa a bayan gida. Jakar roba ta ruwan zafi da nake gasa baya da ita ta ɓace. Tiyon tsohon injin wanki ya ɓace. Ya ce yana haɗa abin ban ruwa ne na fulawa, ko da yake fulawarmu tukunya biyu ce. Wata ranar Talata da hantsi sai wani siririn ruwa ya tashi daga bayan gidanmu, ya tsallake katanga, ya sauka a kan farin zanen gadon matar Direba.

"Malama, na'urar Injiniya ba ta sanar da wannan hadarin ba."

Na ba ta haƙuri, na karɓi zanen na wanke da hannuna.

Ranar awon wata na uku ya saka babbar riga, wadda ya saba ajiyewa don manyan taruka, yana tafiya a miƙe kamar wanda ya haɗiye sanda, ya manta da ɗingishi gaba ɗaya. Na lura butar shayin safe ta ƙare da wuri, amma ban kawo komai a raina ba. Ya shiga ɗan ɗakin. Daga benci muka ji sauti kamar ana cika bokiti. Aka daɗe ana cikawa. Direba ya cire hularsa.

Likita ta kira mu ofis, takardar a gabanta. Zanen layi ne miƙaƙƙe kamar an ja shi da rula, daga wannan gefe zuwa wancan.

"Baba, na ɗan Adam yakan hau ne ya sauko."

"Wannan rashin tsari ne, 'yata. Ruwa mai kyau da matsi ɗaya yake tafiya."

"Kuma lita biyu ne."

"Na yi tanadi."

"Akwai sukari a ciki mai yawan gaske, alhali jininka lafiya lau. Ban taɓa ganin haka ba." Ta dube ni, sannan ta sunkuyar da kai. "Malama, kafin mu gano dalili, a yanke masa sukari gaba ɗaya."

Muna fita daga ofishin ya kama hanyar bayin asibiti da sauri, ya yi minti tara a ciki. Na danna agogo a cikin jakata.

Umarnin likita a gidana doka ne. Na kulle gwangwanin sukari a kabad, na rataya makullin a wuyana. Injiniya mutum ne mai cokali huɗu a kofi. Kwana goma sha ɗaya ya jure, yana shan shayi yana yamutsa fuska. A na goma sha biyu ya ajiye kofin a hankali.

"Malama, ki buɗe kabad ɗin nan. Ba ni da ciwon sukari. Shayinki ne."

"Wane shayi?"

Ya shiga ɗaki ya fito da abin. Jakar gasa bayana ce, an ɗinka mata maɗauri na ratayawa a kafaɗa, tiyo ya sauko daga gare ta, a ƙarshensa wani tsohon bawul na ƙarfe, abin buɗewa da rufe ruwa, da ya taho da shi daga tasha don tunawa. Ya fara yi mini bayanin yadda tsayin kafaɗa ke ba da matsi, fuskarsa cike da farin ciki, kamar mai jiran a ba shi lambar yabo.

"Satar jarrabawa ka yi," na ce.

"Taimakon na'ura na yi. Tana aiki, ina jin ta, lokaci kawai take buƙata. In na bar takardar nan ta sawun kaza, sai a ce na'urar ba ta da kyau, a hana dattawan duniya. Ni nake riƙe da sunanta."

"Fom ɗin fa? Me ka rubuta?"

"Sau uku a yini."

"Jiya sau goma sha huɗu ka shiga."

"Wa ya ƙirga?"

Na mayar da makullin cikin rigata.

"Gobe zan je in gaya wa likita," na ce.

"Ki je. Ki gaya mata wane ne ya sa hannu a ƙasan sau ukun. Ki tuna mata ranar da kika tsayar da ita a rana saboda sa hannu ɗaya. Naki shida ne."

Ban je ba. Wannan shi ne kuskurena na biyu, kuma ya fi na farko nauyi. Sau uku ina saka mayafi in kai bakin ƙofa in dawo. Abin da na iya yi kawai shi ne ban buɗe kabad ba. Na ce masa tunda takardar asibiti ta ce yana da sukari, kuma shi ya rubuta ta da kansa, to sai mu girmama takarda.

Don awon wata na shida ya sauya dabara. Ya ce shayi ne ya ci amanarsa, saboda haka zai koma ga abin da ya sani. Ya tari ruwan famfonmu, ya ɗiga masa kalar da nake sa wa kek, ya ɗaga kwalbar a rana yana gwada ta da ido kamar mai sayen zinariya. Ya fito da 'yar kwalbar awonsa ta aiki ya auna sinadarin kulorin da ake tsabtace ruwa da shi, ya ce daidai yake da ƙa'ida. Na ce masa babu wanda zai tambaye shi wannan. Ya ce aiki in za a yi shi, a yi shi da kyau. Layin ya sake fitowa miƙaƙƙe. Lita biyu da kwata.

Mako guda bayan haka aka tara dukan mutum arba'in da iyalansu a zauren asibiti don a ba kowa ambulansa. Ban taɓa ganin taron da aka yi rububin kujerun kusa da ƙofa irin wannan ba. Injiniya kaɗai ya wuce sahun gaba, cikin babbar riga, a miƙe. Na gane ya rataya abin.

"Me ya sa ka ɗauko shi?" na ce a hankali.

"In an ce na ɗaya ya nuna wa baƙi fa?"

Matar Direba ta zauna kusa da ni. Likita ta yi godiya, ta yi bayani, mutane na fita ɗaya-ɗaya suna dawowa. Daga nan ta ce akwai wata 'yar matsala da ta shafi mutum ɗaya, ba za ta kira suna ko lamba ba, za ta gan shi a keɓe, amma tana so kowa ya ji don a kiyaye. Ta miƙa wa mai kula da ɗakin gwaje-gwaje abin magana, wani dogon mutum mai tabarau wanda da gani bai saba da taro ba.

"Ɗaya daga cikin abin da aka kawo mana ba daga jikin mutum ya fito ba," in ji shi. "Ruwan famfo ne da kala."

Zaure ya ɗauki guna-guni. Injiniya ya girgiza kai yana duban sauran dattawa kamar mai takaicin halin mutanen yanzu. Hankalina ya fara kwanciya. Da mutumin ya tsaya a nan, da yau ban rubuta muku wannan takarda ba. Amma shi ma mai son aikinsa ne.

"Kuma ruwan ma ba mai kyau ba ne," ya ci gaba. "Akwai tsatsa a ciki, kulorin ɗinsa kuma bai kai ba. Duk inda aka ɗebo shi, waɗanda suka shimfiɗa layin ba su san aikinsu ba."

Na kama gefen rigar Injiniya. Ya fizge.

"Malam, ka janye wannan magana."

"Baba, sakamakon gwaji ne."

"Gwajinka ne bai san aikinsa ba. Layin nan ni na shimfiɗa shi, inci shida, shekara ashirin da biyu bai taɓa yoyo ba. Kulorin kuwa da hannuna na auna shi kafin in zuba a jaka. Kwana nawa ka bar shi a buɗe kafin ka gwada? Ba ka san yana tashi ba?"

 Wani dattijo da ya kai bakin ƙofa ya fasa fita, abin da na tabbata bai taɓa yi ba cikin shekara biyu.

"To tsatsar fa?" in ji mai gwaji, wanda har lokacin bai gane abin da ya faru ba.

"Daga bawul take, ba daga layi ba. Zo ka gani."

Ya ɗage babbar riga ya ciro bakin tiyon, ya ɗaga shi sama don na baya su gani, ya murɗa bawul ɗin don ya nuna inda tsatsar take. Kan bawul ɗin ya taho a hannunsa. Ruwa rawaya ya tashi, ya bi ta kan teburin likita, ya jiƙa tabaran mai gwaji, Injiniya ya juya don ya toshe da yatsa, ya ba sahu na biyu rabonsu. Dattawa arba'in suka ji sautin zubar ruwa a lokaci ɗaya, kuma duk wanda ya san lalurar ya san abin da wannan ke jawowa. Rabin zauren ya tashi ya nufi ƙofa. Ruwan ya gangaro a kan tayil har ƙafafunmu.

Matar Direba ta ɗaga takalmanta. "Malama, gwiwar tana zuba."

Injiniya kuwa yana tsaye yana duban abin da ya rage yana fita. "Ku dai ku lura," in ji shi, "matsin bai sauya ba har ƙarshe."

Da aka goge wuri aka dawo, likita ta ɗauko fayil mai lamba goma sha bakwai. Ba ta dube ni ba, kuma wannan ya fi mini ciwo a kan ta dube ni.

"Baba, tunda kai ka bayyana kanka, sai in faɗa. Awonka biyu sun lalace. Fom ɗinka shida sun ce sau uku a yini, kowanne da sa hannun shaida. In gaskiya ne, ka warke, mun sallame ka. In ba gaskiya ba ne, ba mu da wani bayani a kanka, dole mu cire ka, mu rubuta a rahoto cewa shaidar ba ta inganta ba. Ko ta wace hanya, babu abin da za mu ƙara yi maka."

Rajistar tana cikin jakata, tare da agogon. Ina iya yin shiru a rubuta ni a matsayin shaidar da ba ta inganta ba, a cikin rahoton da ba kowa zai karanta ba. Ko kuma in tashi a gaban matar Direba in faɗi abin da na yi wata bakwai ina yi a kan kujerata. Na tashi.

"Likita, sa hannun nawa ne. Na sa shi a farar takarda saboda kunyar baƙuwa, kuma na san hukuncin wannan, domin ni na koya miki shi. Ga bayanin gaskiya."

Na buɗe rajistar na karanta kamar yadda nake karanta sakamakon ƙarshen shekara. Kwanan wata, lokacin shiga, lokacin fita. Wata guda kafin aiki, sau goma sha huɗu a yini, minti shida zuwa tara. Wata na farko, goma sha huɗu. Wata na uku, goma sha huɗu. Wata na shida, goma sha huɗu, ban da ranar da ƙofa ta maƙale, wadda na rubuta a gefe da jan biro.

"Da agogo?" in ji matar Direba.

"Da agogo."

"Kullum?"

"Ban taɓa fashin aiki ba."

Injiniya ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. "Malama, kin zubar da mutuncin na'ura. Wannan lissafi ba zai yiwu ba. Abin da nake ji yana kaɗawa a jikina wata shida, shi za ki ce bai yi komai ba? 'Yata, buɗe ambulan ɗin. Ki karanta da ƙarfi, kowa ya ji."

"Baba, sirrinka ne."

"Na yafe sirrin."

Ta yage bakin ambulan, ta karanta, ta ɗan daɗe tana kallon takardar.

"Lamba goma sha bakwai. Ba a saka komai ba."

Mai askin unguwarmu, wanda ya rako yayansa, ya yi magana daga baya. "Injiniya, in kunna rediyona ke nan?"

Likita ta karɓi rajistar da hannu biyu. Ta juya shafuka, ta nuna wa mai gwaji, ta ce a cikin mutum arba'in babu bayanin da ya kai wannan tsabta, kuma ya yi daidai da abin da ke cikin ambulan, wanda babu yadda za a yi in sani. Ta ce za ta kai wa masu kula da binciken, in sun karɓa, Baba ya cancanci a saka masa ta gaske. Sannan ta miƙo mini biro.

"Malama, sai ki sa hannu a kowane shafi." Ta ɗan yi murmushi. "Bayan kin karanta."

Na karɓi wannan, domin ta daɗe tana bina shi.

Ambulan Direba ya nuna shi an saka masa. A bakin ƙofa na ce wa matarsa ina taya ta murnar warkewar kunne. Ta ce na gode, Allah ya sa gwiwa ta biyo baya. Daga ranar ba mu sake ambatar ko ɗaya ba.

An karɓi rajistar. Wata biyu ke nan da aka saka wa Injiniya na'urar gaske. Ya farfaɗo ya ce wannan karon ba ya jin komai, saboda haka ya tabbata an sake yaudararsa, kuma yana shirin rubuta ƙorafi. Rajista ta ce sau shida a yini, minti biyu. Na nuna masa, ya ce ai lissafin mace mai riƙe makullin sukari ba abin dogaro ba ne. Na buɗe masa kabad, ya ce to zai sake duba lissafin.

Na san a unguwa yanzu ana ce mini Malama Mai Agogo, kuma na san wasunku sun ji sunan kafin su ji dalilinsa. Ban so shi ba, amma ba zan musa ba. Abin da nake roƙo shi ne ku auna da kanku: matar da ta ƙirga abin da na ƙirga, wata bakwai, ba ta yi kuskuren ɗaya ba, ko za ta kasa ƙirga ƙuri'a sittin da uku.

Na karanta wannan takarda sau biyu, daga sama har ƙasa, kafin na sa mata hannu.